Na gaji da jinyar mahaifiyata, har na kasa addu'a

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Shekarata 41, ina da miji da 'ya'ya uku. Shekara huɗu ke nan mahaifiyata tana hannuna. Da mantuwa abin ya fara, likita ya ce gigin tsufa ne. Yanzu ni ce wankanta, ni ce ba ta abinci a baki, ni ce gyara ta in ta ɓata jikinta. Da dare ba ta barci, sai ta yi ta jijjiga ƙofa wai za ta tafi gida. Wani lokaci ba ta gane ni, har ta kira ni ɓarauniya. Mu biyar ta haifa, amma sauran sai dai waya: "Sannu da ƙoƙari, Allah zai saka miki." Makon jiya na daka mata tsawa har ta firgita ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya. A daren na ce a raina, da ma Allah ya ɗauke ta kowa ya huta. Tun daga ranar na kasa addu'a. Wata huɗu rabona da sujada. Wata 'yar'uwa ta ce mini mai bi na gaskiya ba ya gunaguni, wai gicciyena ne, in ɗauka in yi shiru. Mama, na zama muguwar 'ya ce? Allah zai karɓe ni kuwa?

'Yarki cikin Ubangiji

'Yata, amsar tambayarki ta farko ita ce a'a. Muguwar 'ya ba ta shekara huɗu tana wanke uwarta, kuma ba ta kwana ido biyu don ta ɗaga mata murya. Ta biyun kuwa, Allah bai sake ki ba balle a yi zancen ya sake karɓar ki. Abin da ke damun ki gajiya ce, kuma ta kai ki inda take kai duk wanda aka ɗora wa kayan mutum biyar aka bar shi shi kaɗai a kan hanya.

Ba daga nesa nake gaya miki wannan ba. Na yi jinyar mahaifina shekara uku bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Akwai wani dare da ba ya barin raina. Na canja masa zanen gado sau biyu, na kwanta ke nan idona bai gama rufuwa ba, sai na ji ya kira sunana da muryar nan tasa da ciwo ya karkatar. Ya sake ɓatawa. Na gyara shi ban ce masa uffan ba, amma hannuna ya faɗa masa abin da bakina ya riƙe, domin yadda na juya shi babu tausayi a ciki, kuma ya ji. Ya kau da kai yana kallon bango. Na kwashi zanen na fita, na zauna a ƙasa kusa da bokiti, zanen na hannuna. Na kasa wankewa, na kasa kuka, ko "Ya Ubangiji" ta ƙi fitowa. A wannan lokacin ina koyar da Maganar Allah, mata suna zuwa wurina neman shawara. Saboda haka wurin da kike zaune yanzu na san shi, har sanyin ƙasansa na sani.

Abin da ya fara ɗaga ni shi ne labarin Iliya a 1 Sarakuna sura 19, kuma ina so ki karanta shi a hankali, ko da aya biyu biyu ne. Mutumin nan ya sauko daga Dutsen Karmel inda ya tsaya gaban annabawan Ba'al 450, ya yi addu'a wuta ta sauko. Ba a jima ba saƙon sarauniya Yezebel ya iso cewa za ta kashe shi, sai ya ranta a na kare. Ya kai Biyer-sheba ya bar baransa a can, ya nausa jeji tafiyar yini guda shi kaɗai, ya zauna a gindin wani ɗan itace ya ce wa Allah ya isa haka, ya ɗauki ransa. Annabi ne fa ke wannan magana. To ki dubi abin da Allah ya yi da shi. Bai tsawata masa ba, bai tuna masa da wutar da ya gani da idonsa ba. Ya ƙyale shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, ga abinci da ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta. Mala'ikan ya dawo karo na biyu ya ce ya ƙara ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai da aka yi kwanciya biyu da ci biyu, aka yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, sannan Allah ya tambaye shi me yake yi a nan. Da Iliya ya ce shi kaɗai ya rage, Allah ya shaida masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma aike shi wurin Elisha, wanda ya tashi ya bi shi yana masa hidima.

Barci, abinci, sannan magana, sannan abokin aiki. Wanda ya halicci jiki ne ya jera su haka. Zabura 103:14 ta ce ya san yadda aka yi mu, yana tune cewa mu ƙura ne. Ke ce kike nema daga kanki abin da shi bai nema ba.

Yanzu bari mu zo kan Mama, mahaifiyarki, domin rabin zafin da ke zuciyarki daga kalmar nan "ɓarauniya" yake fitowa. Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ƙwayoyinta ne ke lalacewa sannu a hankali. Ba hali ba ne, ba kuma tsufa kawai ba ne, domin tsofaffi da yawa sukan kai ƙarshen ransu da hankalinsu garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da shi, ana samun kusan miliyan 10 sababbi kowace shekara, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in da ake kira Alzheimer ne, sunan likitan nan Bajamushe da ya bayyana shi a 1906. Matar da ya lura da ita ma, cikin alamun da ta fara nunawa akwai zargin mijinta ba gaira ba dalili. Kin ga zargin da Mama ke miki tsohon abu ne a wannan ciwo. Ta ajiye abu, ƙwaƙwalwar ta goge ajiyar, ta duba ba ta gani ba, sai hankali ya ba ta amsar da ta fi kusa, wato wani ya ɗauka. Wa ya fi kusa da ita? Ke. Waɗanda ke gaishe ta a waya ba za ta taɓa kiran su ɓarayi ba, domin ba sa kusa. Wannan mummunan suna ladan kusanci ne, ko da yake na san ba ya daɗin ji.

Kada ki yi musu da ita, ba za ki ci ba, kuma ku biyun za ku ƙare a wahale. In ta ce an sace mata abu, ki ce, "Ayya Mama, zo mu nema tare." Ki gano 'yan wuraren da take cusa kaya, yawanci ba sa wuce biyu ko uku. In ta ce za ta tafi gida, ki sani gidan da take nufi sau da yawa gidan ƙuruciyarta ne, ko kuma kwanciyar hankali kawai take nema ta rasa sunan da za ta ba shi. Ki tambaye ta su wa ke gidan, ki riƙe hannunta ku ɗan zaga, kafin ku dawo sau da yawa maganar ta wuce. Rikicewar da ke ƙaruwa da yamma sanannen abu ne ga masu wannan ciwo, shi ya sa yake da kyau a kunna fitila tun duhu bai shigo ba, a rage hayaniya, a sa ta ɗan motsa jiki ta ga hasken rana da safe, a kuma rage mata dogon barcin rana. Amma in kin ga ta birkice farat ɗaya fiye da yadda ta saba, kada ki ce ciwon ne ya ƙaru ki zauna. Ciwon mafitsara, taurin bayan gida, ƙarancin ruwa a jiki ko wani zafi da ta kasa faɗa duk sukan jawo haka, kuma suna da magani. Ki kai ta a duba. Ki faɗa wa likita ƙarara cewa ba ta barci, ke ma ba kya yi. Kada dai ki ba ta maganin barci da kanki, domin yakan ƙara wa tsofaffi ruɗewa da faɗuwa.

Sai maganar tsawa. Ba zan ce miki ba komai ba, domin ke ma kin san da komai, shi ya sa ta hana ki sukuni. Laifi ne, kuma laifi yana da inda ake kai shi. 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta mana. Ki furta, ki karɓi gafarar, ki daina zama alƙali a shari'ar da aka riga aka rufe. Ki je ki zauna kusa da Mama ki ce, "Mama, ki yafe mini." Wataƙila ta riga ta manta abin da ya faru, amma muryar taushi tana shiga inda kalma ba ta shiga. Ni da gari ya waye na roƙi mahaifina gafara. Bai iya magana sosai ba, sai ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina ya bar shi a nan.

Amma in kika tsaya a tuba kawai, wani makon za ki sake yi, domin tushen abin yana nan. Mutumin da ya yi watanni ba ya samun barcin kirki, haƙurinsa kan ƙanƙance kamar sabulun da ya daɗe a ruwa. Jiki da jini ne. Tsawar nan ƙararrawa ce, tana gaya miki an wuce iyaka. Kafin a gyara lamarin, duk sa'ad da kika ji abin ya taso miki har wuya, ki tabbatar tana wurin da ba za ta ji ciwo ba, ki fita daga ɗakin na minti goma. Barin ta ita kaɗai na ɗan wannan lokaci ya fi zamanki a kanta da zuciya a tafashe.

Tunanin nan na "da ma Allah ya ɗauke ta" kuwa, kin ɗauka ke kaɗai kika taɓa yin sa. Da masu jinya za su buɗe cikinsu, da kin sha mamaki. Ba mutuwar uwarki kike so ba, ƙarshen wahala kike so, tata da taki. Musa ma ya kai nan. A Littafin Ƙidaya sura 11 ya tambayi Allah ko shi ya ɗauki cikin mutanen nan, ko shi ya haife su, da za a ce ya rungume su kamar mai reno. Ya ce ba zai iya ɗaukar su shi kaɗai ba, in haka za a ci gaba gara a kashe shi. Allah bai kira wannan gunaguni ba, ce masa ya yi ya tattaro dattawa 70 su ɗauki nauyin tare da shi. Sai dai zan faɗa miki abu ɗaya ba tare da kwana-kwana ba: in tunanin ya wuce fata ya koma son cutar da kanki ko cutar da ita, ko kika ga makonni sun shuɗe ba kya jin daɗin komai, ba ci ba barci ko da an ba ki dama, to a ranar ki gaya wa mijinki, ki ga likita. Ciwon damuwa yana yawan kama masu doguwar jinya, yana kuma jin magani. Zuwa asibiti saboda shi ba ya rage ko ƙwayar zarra daga bangaskiyarki.

Game da 'yar'uwar da ta ce gicciyenki ne ki ɗauka ki yi shiru, ina kyautata mata zato, amma ta yi kuskure, kuma kuskuren yana da nauyi. Yesu da ya ce mu ɗauki gicciye, shi kansa a hanyar Golgota an sa Saminu Bakurane ya ɗaukar masa nasa, yana nan a Markus 15:21. A Getsamani ya ce wa Bitrus da Yakubu da Yahaya ransa yana shan wahala matuƙa, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Ya gaji ya zauna a bakin rijiya a Samariya ya roƙi ruwa. Ya yi barci a kan matashi a bayan jirgi, hadari na kaɗawa. Da ya ga almajiransa ba su da sukunin ko cin abinci saboda masu kai da komowa, sai ya ce su zo su keɓe su ɗan huta, Markus 6:31. Kuma yana kan gicciye ya dubi uwarsa, ya danƙa ta a hannun almajirin da yake ƙauna, shi kuwa ya kai ta gidansa tun daga wannan sa'a. Ɗan Allah ya shirya wa uwarsa wani hannu. Ta yaya zai ga laifinki in kin nemi wasu hannuwa su taya ki riƙon taki?

Akwai kuma bambanci tsakanin gunaguni da kuka. Mai gunaguni baya yake juya wa Allah yana ƙorafi a kansa. Mai kuka gabansa yake zuwa ya zube. Zabura cike take da irin wannan. Ta 13 sau huɗu tana tambayar "har yaushe". Ta 88 ba ta ma ƙare da yabo ba, a cikin duhu ta tsaya, amma Allah ya bar ta a littafinsa don irin darenki.

Wurin da nake so in fi daɗewa da ke shi ne 'yan'uwanki, domin nan ne gyaran yake. Umarnin girmama uwa da uba a Fitowa 20:12 ba a rubuta shi da sunan 'yar da ta fi taushin zuciya ba. Bulus ma da ya rubuta wa Timoti a kan gwauraye mata, ya ce in suna da 'ya'ya ko jikoki, su fara koyon nuna ibada a gidansu, su sāka wa iyayensu, 1 Timoti 5:4. 'Ya'ya ya ce, da jikoki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata ne ke ɗauke da kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in da ake ɓatarwa wajen kula da masu gigin tsufa, kuma a gida da yawa ba mata ba ne ma, mace ɗaya ce. "Allah zai saka miki" gaskiya ce, Ibraniyawa 6:10 ta ce Allah ba marar adalci ba ne da zai manta da aikinki da ƙaunarki. Amma idan ta fito daga bakin wanda ke da hannu da ƙafa da rabo a cikin wajibin, ta zama hanyar zamewa. Yakubu 2:16 ta yi magana a kan mai ce wa mabukaci ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba tare da ya ba shi komai ba.

Sai dai zan tambaye ki, don ni ma an tambaye ni kuma ta yi mini zafi: in sun kira suka ce "Yaya jikin Mama?", me kike cewa? Ina jin "Da sauƙi, mun gode Allah" kike cewa. Shekara huɗu kina ce musu da sauƙi, su kuwa suna karɓa domin ta yi musu daɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in bai nuna ba, na waje sai ya yaba rufin ya wuce. Ki ɗauki takarda ki rubuta yininki guda ɗaya, daga tashi zuwa tashi: ƙarfe nawa ta farka, sau nawa kika gyara ta, minti nawa cin abinci ya ɗauka, awa nawa kika runtsa. Ki tura musu haka yadda yake, ba zagi, ba tonon tsohon zance. Sannan ki kira zama, ko a waya ne, mijinki yana gefenki, in da hali da wani babba da dukanku kuke jin nauyinsa. Kada ki ce "ku riƙa taimakawa", wannan magana ba ta da ƙugiya, kowa zai ce to ya koma harkarsa. Ki yanka aikin gunduwa-gunduwa ki miƙa wa kowa tasa da suna. Wane zai kwana da Mama dare biyu a mako. Wance za ta ɗauke ta mako guda a kowane wata, ko ta zo ta zauna ke ki fita. Wanda ke nesa ya ɗauki kuɗin magani da na wadda za a ɗauka ta riƙa taya ki da rana. Wani ya riƙe zuwa asibiti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abin da Yetro ya gaya wa surukinsa Musa ke nan a Fitowa 18, da ya gan shi zaune daga safe har yamma yana shari'a: abin da kake yi ba shi da kyau, za ka gajiyar da kanka da mutanen, ya fi ƙarfinka.

Mai yiwuwa wani ya ƙi. Mai yiwuwa wata ta zo ta yi aikin ba yadda kike yi ba, ta sa wa Mama rigar da ba ita ba, ta makara da abinci. Ki haɗiye, ki bar ta. Na san wannan da wuya, domin mu masu jinya mukan kai inda muke ganin ba wanda ya iya sai mu, mu yi ta kukan kaɗaici alhali muna korar duk hannun da aka miƙo. Ki tuna da Basamariyen nan na Luka 10. Ya ɗaure wa mutumin raunukansa, ya kai shi masauki ya yi jinyarsa a daren. Kashegari ya ciro dinari biyu ya ba mai masauki ya ce ya kula da shi, ya kama hanyarsa da alkawarin dawowa. Yesu bai rage masa komai ba don ya miƙa jinyar ga wani. Shi ya nuna ya ce a je a yi haka.

Ikilisiyarki ma tana da rabo. Wata huɗu kujerarki ba kowa, ya kamata a ce an ƙwanƙwasa ƙofarki, amma kada ki jira, ki aika wa Fasto ko matarsa ki faɗi halin da kike ciki. Tun a Ayyukan Manzanni sura 6, da aka ga ana tsallake wasu gwauraye a rabon yau da kullum, manzanni ba su ce a yi addu'a kawai ba, mutum bakwai aka zaɓa aka ɗora su a kan aikin. Ki roƙi abu takamaimai: mace biyu da za su riƙa karɓa-karɓa suna zama da Mama ranar Lahadi ki je sujada, a kuma riƙa kawo muku Jibin Ubangiji gida. Ni wata dattijuwa ce ta cece ni. Kowace Alhamis bayan azahar sai ta shigo, ba ta yi mini wa'azi, ba ta tambaye ni yaya bangaskiyata. Takan ajiye jakarta ta zauna kusa da gadon mahaifina ta ce, "Je ki kwanta, in ya nemi wani abu ina nan." Ranar farko awa huɗu na yi ban motsa ba. Da na farka na ji ta tana rera masa waƙar sujada ƙasa-ƙasa, shi kuma yana bin ta da leɓe. A daren ne na iya yin addu'a, karo na farko cikin makonni.

Ki gwada waƙar da Mama. Masu gigin tsufa sukan riƙe waƙoƙin da suka saba da su tun ƙuruciya bayan sunaye da fuskoki sun ɓace musu. Ki ɗauko wadda take yawan yi kina yarinya, ko ki fara Addu'ar Ubangiji a hankali ki ga ko bakinta zai kama. In ya kama, kun yi sujada ku biyu. In bai kama ba, ki tuna alkawarin Ishaya 46:4, inda Allah ya ce har tsufa shi ne, har furfura zai ɗauke mu. Ko ta manta sunanki, ko ta manta nasa, riƙon yana hannunsa.

Kada ki manta da mijinki da yaran nan uku. Su ma shekara huɗu suna raba ki da ɗakin jinya. Ki zaunar da yaran ki bayyana musu ciwon kakarsu daidai hankalinsu, ki ba kowa ɗan aikin da zai iya, amma kada babbar cikinsu ta zama ke ta biyu. Mijinki kuma ki gaya masa abin da kika gaya mini, har da maganar daren nan.

Addu'ar da kika ce ta gagare ki, kada ki matsa wa kanki sai kin yi irin ta da, mai tsawo, a durƙushe. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a kamar yadda ya kamata ba, amma Ruhu kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba sa faɗuwa. Ajiyar zuciyar da kike yi a kan bokitin wanki an ji ta. In kin samu kalma uku, "Ubangiji, taimake ni", sun isa, kusan abin da Bitrus ya iya faɗa ke nan sa'ad da ya fara nitsewa, kuma nan take aka miƙo masa hannu. In kina ba Mama ruwa a baki, ki tuna wanda ya ce abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa shi aka yi wa. Wata huɗu ba ki je majami'a ba, amma kullum kina gabansa da tawul a hannu.

Daren da aka karɓe ki, ki rufe ƙofa, ki kashe wayarki. Zuciya za ta ce miki ki leƙa ko lafiya. Ki karanta mata Zabura 121, mai kiyaye ki ba ya gyangyaɗi ba ya barci, ki ja bargo. Yau kuwa, kafin ki kwanta, ki nemo takardar nan ki fara rubuta yininki, gobe ki tura wa 'yan'uwanki. Bayan kun yi zaman ki sake rubuto mini, 'yata. Ina so in ji wa ya karɓi wane dare, da kuma awa nawa kika yi barci. Ki gaishe mini da Mama, ki riƙe mini hannunta.